Sai an gwada akan san na ƙwarai: yadda likitoci ke auna magani a jikin mutum ɗaya

A kasuwa babu maganar da ke saida magani kamar wannan: "Ni ma na sha, na ji sauƙi." Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako ta Yamai, da wannan magana ce ƙwaya ke tashi daga hannu zuwa hannu. Mai tumatir ta gaya wa mai tattasai, mai tattasai ta gaya wa mai atamfa, kafin la'asar rumfa guda ta sayi abu ɗaya. Galibi ciwon ma iri ɗaya ne, na masu wuni zaune ko tsaye: ciwon baya, ciwon gwiwa, sanyin ƙashi, ciwon kai mai zuwa yana komawa, zafin ciki, rashin barci.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Wadda ke sayen ƙwayar dala 40 kullum, a shekara ta kashe jika 73. Jari ne sosai ga mai ƙaramar sana'a. In ƙwayar tana aiki, to kuɗi sun yi rana. In ba ta aiki fa? An yi asarar kuɗi, kuma wata ƙwayar tana cin jiki a ɓoye. Tambayar ke nan: ta yaya mutum zai tabbatar cewa wannan magani yana yi masa aiki, shi kansa, a nasa jiki? Likitoci suna da hanyar amsa ta, wadda suke kira gwajin mutum ɗaya.

Abin da ya sa "na ji sauƙi" ba ta isa shaida ba

Jiki magayi ne, gaskiya ne. Amma abubuwa uku kan ruɗe mu.

Na farko, ciwo mai daɗewa yana hawa yana sauka da kansa, kamar farashin hatsi. Hatsi kan yi tsada da damina, ya faɗi da kaka. In wani ya zo a tsakiyar tsada ya ce yana da dabarar karya farashi, bayan wata biyu sai a ga kamar ya yi gaskiya, alhali kaka ce ta zo. Haka ciwon gwiwa yake. Ba ranar da ya lafa ake neman magani ba, sai ranar da ya fi tsanani. Bayan rana mafi tsanani kuwa, sau da yawa sauƙi ne ke biyowa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ƙwaya ta kwashe yabo.

Na biyu, zuciya tana da nata aiki. In mutum ya sa rai cewa abu zai taimake shi, ciwon kan ragu masa da gaske na ɗan lokaci. In kuma ya ji tsoron ƙwaya, yakan ji ta dame shi ko da babu komi cikinta.

Na uku, ba magani kaɗai ke canzawa a rayuwar mutum ba. Ɗari ya wuce, ko ƙurar hunturu ta kwanta, ko an samu yaron da ke ɗaukar kaya, ko an biya bashin da ke hana barci. Kowane daga cikinsu yana iya kawo sauƙin da za a jingina wa magani.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗan gwada magani cikin littafinsa Alƙanun. Daga cikinsu akwai cewa a lura da lokacin da aikin maganin ya bayyana domin kada a ɗauki dace a matsayin aiki, kuma sai an ga aikin yana maimaituwa kafin a yarda da shi.

Babban gwaji da ƙaramin gwaji

Kafin a yarda a saida magani a farmasi, akan gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubban mutane. A raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya maganin, a ba ɗayan wata ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani cikinta, wato ƙwayar fanko. Daga baya a kwatanta. Wannan shi ne ginshiƙin abin da ake kira aikin likita bisa hujja, tsarin da sunansa ya bazu daga jami'ar McMaster ta birnin Hamilton a ƙasar Kanada a farkon shekarun 1990. Ma'anarsa ita ce likita ya haɗa abu uku: abin da bincike ya tabbatar, da gogewarsa, da halin majinyacin da ke gabansa.

To amma babban gwaji matsakaicin sakamako yake bayarwa. A cikin waɗanda suka sha, wasu sun ji sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ko kaɗan, wasu ma ya dame su. Likita ya san maganin yana taimakon mutane da yawa, sai dai bai san ko ke, Hajiya, kina cikin waɗanda zai taimaka ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Nan ne gwajin mutum ɗaya ke shigowa. A maimakon a kwatanta jama'a da jama'a, sai a kwatanta mutum da kansa: shi a lokacin da yake shan magani, da shi a lokacin da ba ya sha. Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun daɗe suna aiki da wannan tsari tun kafin likitoci su ɗauke shi, kuma har yanzu masu gashin ƙashi da masu koya wa majinyata magana suna amfani da shi.

Mai asma na Kanada

A 1986, likita Gordon Guyatt da abokan aikinsa na jami'ar McMaster suka buga labarin wani majinyaci mai fama da asma, wato sarƙewar numfashi. Yana shan magunguna da dama, cikinsu har da wani mai suna tiyofilin, amma ciwon ya ƙi lafawa. Sai aka shirya masa ƙwayoyi iri biyu masu kama ɗaya, na gaske da na fanko. Yana shan wannan na wasu kwanaki, ya koma wancan na wasu kwanaki, ƙuri'a ce ke zaɓen wanda zai fara. Shi bai san wanda yake sha ba, likitansa ma bai sani ba. Yana dai rubuta yadda numfashinsa yake.

Da aka buɗe sirri, sai aka tarar a kwanakin da yake shan maganin gaske ne ya fi shan wahala. Aka tsai da tiyofilin, ya samu sauƙi. Maganin yana taimakon wasu masu asma, amma shi cutar da shi yake yi, kuma da ba a gwada ba, da ya ci gaba da sha.

Daga nan suka buɗe sashe na musamman domin irin wannan gwaji. A 1990 suka ba da rahoton aikin shekara uku: an fara gwaji 70, an kammala 57, kuma 50 daga ciki sun ba da amsa bayyananna. A 2011, cibiyar aikin likita bisa hujja ta jami'ar Oxford a Ingila ta sa gwajin mutum ɗaya cikin sahun farko na hujjoji, in ana maganar zaɓa wa majinyaci guda magani.

Kwalabe 12 na Landan

Gwajin yana kuma iya wanke maganin da aka yi wa ƙazafi. Akwai wasu ƙwayoyi da ake kira sitatin, masu rage maiƙon jini, waɗanda ke kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutane da yawa kan daina shan su, suna cewa suna sa musu ciwon jiki.

Likitocin jami'ar Imperial College ta Landan suka tara mutum 60 da suka daina sha saboda haka. Aka ba kowa kwalba 12, kowace ta wata guda. Huɗu na ɗauke da maganin gaske, huɗu na ɗauke da ƙwayar fanko, huɗu kuwa babu komi cikinsu. Kullum mutum zai sa wa damuwar jikinsa maki a wayar salula, daga 0 zuwa 100. An buga sakamakon a 2020. A watannin da ba a shan komi, matsakaicin maki 8 ne. A watannin maganin gaske, ya haura 16 da kaɗan. A watannin ƙwayar fanko kuwa, ya haura 15. Ke nan kusan kashi 90 cikin 100 na damuwar da ake ɗora wa maganin, ƙwayar da babu komi cikinta ma tana kawo ta.

Ba ƙarya mutanen suke yi ba, ciwon suna jin sa da gaske. Abin da ke tayar da shi ne ba sinadarin maganin ba, haɗiyar ƙwayar da ake tsoro ce. Da aka nuna wa kowa nasa sakamako, bayan wata shida rabinsu sun koma shan maganin da ke kare musu zuciya. Gani ya kori ji.

Yadda ake shirya shi

Duk mai saida hatsi ya riga ya san ƙa'idar farko: da tiyar da aka saya, da ita ake saidawa. In ma'auni yana canzawa, lissafi ya ɓaci. Gwajin mutum ɗaya yana tafiya ne a kan ƙa'idoji kamar haka.

A zaɓi abu ɗaya da za a auna, wanda ya dami mai ciwon da gaske. Misali, zafin gwiwa daga 0 zuwa 10, ko sau nawa ciwo ya tashe ki cikin dare, ko kwana nawa a mako ya hana ki fita kasuwa.

A fara aunawa kafin a taɓa magani. Mako ɗaya ko biyu ana rubutawa kullum, a lokaci guda. Wannan shi ne awon tushe. Ba tare da shi ba, babu abin da za a kwatanta da shi, kamar mai neman sanin riba ne alhali bai san uwar kuɗi ba.

A canza abu ɗaya tak. In aka fara ƙwaya da jiƙo da man shafawa rana ɗaya, ko an samu sauƙi ba a san wanda za a gode wa ba, kuma za a ci gaba da biyan kuɗin ukun.

A sa, a cire, a sake sawa. Wannan ne zuciyar aikin. In ciwo ya sauka da aka fara magani, ya dawo da aka tsaya, ya sake sauka da aka koma, to zato ya fara zama shaida. Tsakanin zango da zango akan bar ƴan kwanaki domin ragowar maganin ya fita daga jiki.

A maimaita. Zagaye ɗaya, wato zangon magani da zangon fanko, ba ya isa. Ko maganin banza yana iya yin nasara a zagaye ɗaya bisa dace, sau ɗaya cikin biyu. Ya yi nasara a zagaye uku a jere bisa dace kuwa, sau ɗaya ne cikin 8. A zagaye huɗu, sau ɗaya cikin 16. Shi ya sa likitoci kan so aƙalla zagaye uku.

A bar wa ƙuri'a zaɓi, kuma a ɓoye. In mutum ne ke zaɓen lokacin sha, zai sha ne ranar da ciwo ya tsananta, mu koma gidan jiya. In kuma ya san abin da yake sha, zuciya za ta sa baki. Don haka a cikakken gwaji mai farmasi ne kaɗai ya san abin da ke cikin kowace kwalba.

Akwai jinyar da ba a iya cirewa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, in aka koya masa riƙe cokali, ba za a ce ya manta domin a gwada ba. A nan sai a bi wata dabara. A auna abubuwa uku tun farko, misali riƙe cokali, da sa riga, da tashi daga tabarma. A fara horo a kan na farko kaɗai, bayan makonni a shiga na biyu, daga baya na uku. In kowane yana gyaruwa ne daidai lokacin da aka fara horonsa, to horon ne ke aiki. In duka ukun suka gyaru tare tun ba a taɓa biyu ba, to jiki ne ke murmurewa da kansa.

Inda ba a yin wannan gwaji

Ƴan uwa, a nan sai a buɗe kunne. Gwajin mutum ɗaya na ciwo ne mai daɗewa, wanda ba ya kisa cikin gaggawa, da maganin da ke aiki da wuri kuma ya bar jiki da wuri. Akwai cututtukan da tsai da maganinsu ganganci ne da rai.

Zazzaɓin cizon sauro: a je a yi awon jini, a sha magani har ya ƙare. Tarin fuka: galibi wata shida ne ko fiye, wanda ya yanke a hanya yana iya sa cutar ta daina jin magani. Sida: ba a tsayawa. Farfaɗiya: tsayawa farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsanani. Ciwon suga da hawan jini: su ba a auna su da jin jiki, domin tansiyo kan hau mutum yana jin garau, sai na'ura ce ke faɗin gaskiya. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta, a bi kwanakin da ya faɗa. Mai ciki, da mai shayarwa, da ƙaramin yaro, ba a gwaji a kansu a gida. Yaro mai zafin jiki ko sanƙarewar wuya, asibiti ake kai shi a take.

Akwai kuma ƙwayoyi masu yaudarar mai gwaji. Wanda ya saba da tiramol, in ya tsaya sai jiki ya ɗau ciwo, ga gumi, ga rashin barci, sai ya ce ai ga shaida, maganin ne ke riƙe da shi. Alhali sabo ne ke neman abinsa. Deksa, wadda wasu mata ke sha domin ƙiba, in an daɗe ana shanta, yanke ta rana ɗaya haɗari ne, sai likita ya rage ta sannu a hankali. Diklofenak da ibufurofen kuwa suna kwantar da ciwon gaɓɓai, amma yawan shan su yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ƙara hawan jini. Don haka ko ƙwaya ta yi aiki, akwai tambaya ta biyu: me take ci a jiki?

Sannan dole ƙwayar da ake aunawa ta zama ta gaske. A 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, magani ɗaya cikin 10 jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. Ƙwayar da ta wuni a faranti cikin zafin bazara, babu kwali, babu ranar lalacewa, ta yau daban ta gobe daban. Ba a auna abu da tiya mai huji. A saya a farmasi, da takardar likita.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi tun gobe

Cikakken gwaji mai ƙwayar fanko yana bukatar likita da mai farmasi da lokaci, kuma ko a Turai da Amurka ba kowane asibiti ke yin sa ba. Amma rabin amfaninsa yana cikin abin da kowace rumfa ke da shi: kaye da bik.

A ware kaye guda domin ciwon, kamar na bashi. Kowane dare a rubuta kwanan wata, da makin ciwon, da abin da aka sha, da wani abin da ya faru a ranar. Wadda ba ta rubutu tana iya jan layi, ɗaya in ciwon kaɗan ne, biyar in ya hana aiki, ko ɗan lakwal na gida ya rubuta mata. A riƙa sa alama a ranakun babbar kasuwa, kamar Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko Alhamis a Damagaram, domin ranar da aka wuni ana ɗaga buhu ba daidai take da ranar hutu ba. Kada a fara awo a bakin azumi ko hidimar biki, lokacin da ci da barci suka canza.

Bayan mako biyu a ɗauki kayen, a haɗa da kwalayen duk abin da ake sha, har da jiƙo da garin gargajiya, a kai wa likita ko majo na asibitin unguwa. Kada a ɓoye masa komi don jin kunya. A yi masa tambayoyi huɗu: Wannan magani, cikin kwana nawa ya kamata in ga aikinsa? Da wace alama zan gane yana aiki? In bai yi ba, yaushe zan dawo? Akwai haɗari in an tsai da shi? In ya ga ciwon irin wanda ake iya gwadawa ne, shi zai tsara kwanakin sha da na hutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma magini ake kira ya hau rufi.

Likita ma yana ƙaruwa da wannan kaye. "Da sauƙi, alhamdu lillahi" amsa ce ta ladabi, sai dai ba ta gaya masa ko ya ci gaba da maganin ko ya canza ba. In ya ga maki sun sauka daga 8 zuwa 3 kuma sun zauna a nan, ya san inda aka dosa. In ya ga wata guda ana sha maki ba su motsa ba, ya san lokacin neman wata hanya ya yi, ko a sake bincike ko akwai wata cuta a ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar kiyayewa a kasuwa. Sakamakon gwajin mutum ɗaya na mutum ɗaya ne. In kayenki ya nuna ƙwaya ta karɓe ki, bai ce komi ba game da maƙwabciyar rumfarki, wadda wataƙila tana da gyambon ciki, ko hawan jini, ko ƙaramin cikin da ba ta faɗa wa kowa ba tukuna. In ta zo tana kukan gwiwa, kada a ɓalle mata ƙwaya daga cikin jaka. A nuna mata yadda ake cika kaye, a raka ta asibiti.